Lissafin da suka buga min daban, bil ɗin da ya zo daban

Duk wanda zai zaɓi kamfanin wuta saboda ƙatuwar lambar nan da suke rubutawa a saman takarda, wai ga abinda zaka riƙa biya duk wata, toh ya ɗan dakata yaji yadda tawa ta kaya. Bazan ce cuta ce zalla ba, wani ɓangaren kuskurensu ne kuma daga baya sun gyara, wani ɓangaren kuwa mu muka sha wutar da gaske, amma kafin in raba wannan da wancan sai da na kusa zama ma'aikacinsu ba albashi.

Mun tare a sabon gidan haya ana gab da shiga sanyi, filat ne a bene, ɗaki biyu da falo, ni da maman yara da yara biyu. A gidan da muka baro kuɗin wuta a cikin kuɗin haya yake, mai gida ke biya, don haka ban taɓa riƙe bil da sunana ba balle in san yunit nawa muke sha. Na shiga intanet na duba kamfanoni, kowanne da fom ɗinsa amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, adireshi, ɗaki nawa, mutum nawa, sai kuma wai shin ka san yunit nawa kake sha a shekara. A ƙasa akwai wani ɗan akwati na wanda bai sani ba, shi na danna, tunda gaskiyar kenan. Nan take suka buga min lissafi. Wanda yafi sauƙi shine kamfanin da dama yake baiwa filat ɗin wuta, kuma tsarin nasu na tsayayyen farashi ne har wata 12, ni kuwa tun 2022 da farashin gas ya haukace a duniya bayan Rasha ta afka wa Yukiren naga yadda mutanen da ke kan farashi mai hawa da sauka suka ji a jikinsu, don haka kalmar tsayayye kaɗai ta isa ta saye ni. Na sa hannu, na basu izinin cire kuɗi daga akawun ɗina kai tsaye duk wata.

Ranar da muka karɓi makulli maman yara ta ɗauki hoton komai, fasassun tayil, tabon bango, har da mita, don ita dama haka take saboda rigimar kuɗin ajiya ranar tashi. Na kwafi lambar mitar daga hoton na tura musu ta manhajarsu, ta rubuta min an karɓa. Shikenan na manta da zancen.

Watannin farko lafiya lau, alat na shigowa daidai da abinda aka ce, ba ƙari ba ragi, har ina yabon kamfanin a gaban mutane. Ashe da sauran rina a kaba. Rannan sai ga imel wai sun sake duba asusuna, daga wata mai zuwa abinda zasu riƙa cirewa ya kusa ninki uku na da, kuma wai ana bina bashi. Bashi kuma? Ni da ko wata ɗaya ban tsallake ba, ku da kanku kuke sa hannu ku ɗauka. Na buɗe manhajar naga jar lamba, na rufe na sake buɗewa ko zata canza ra'ayi, tana nan daram.

Na kira su raina a ɓace. Bayan an gama kunna min kiɗan jira wata baiwar Allah ta ɗauka, na zazzage mata komai, nace kun ce tsayayyen farashi har shekara, ko rabi ba a yi ba kun canza. Ta bari na gama tsaf sannan tace Yallabai farashinka bai motsa ba ko ɗigo ɗaya, duba bil ɗin ka gani, kuɗin yunit na nan yadda yake a kwantiragi, kuɗin kullum shima haka. Nace toh in ba abinda ya motsa me ya ninka kuɗin? Tace yawan yunit ɗin da kuka sha. Abinda muka tsayar kuɗin yunit ɗaya ne, ba jimillar wata ba, wancan da ka gani a sama ƙiyasi ne. Nace Malama amma ai shi kuka rubuta da manyan baƙi, tace haka ne Yallabai, kuma a ƙasansa an rubuta cewa ya dogara da yawan amfani. Wallahi haushin da naji a lokacin ba na ƙarya ta min bane, na rasa ta inda zan kama ta ne. Tamkar gidan mai ne ya maka alkawarin bazai ƙara kuɗin lita ba har shekara, bai ce maka ga yawan litar da motarka zata sha ba.

Da dare bayan yara sun kwanta na zazzage kwantiragin da duk bil ɗin da suka fitar, na ɗauko biro da kalkuleta. Lissafin nasu ba wani boka bane in ka zauna masa. Yunit da suke tsammanin zaka sha a shekara sau kuɗin yunit, a tara da kuɗin kullum sau kwana 365, a ɗora haraji, a raba gida 12, abinda ya fito shine lambar saman takarda. Shi kuɗin kullum ɗin nan kuɗin zaman layi ne, ko ka kulle gida kayi tafiya, ko ƙwan fitila ɗaya baka kunna ba, yana nan yana tafiya. Na duba ko haraji na cikin lissafin farko, don ance wasu kan buga farashi babu shi sai a bil ka ganshi, nawa dai yana ciki. Sai can ƙasa da ƙananan rubutu naga lambar da komai ya ratayu a wuyanta, yunit 2,700 a shekara. Wato 225 a wata, wato bakwai da ɗan ɗoriya a rana. Daga ina suka samo ta? Ba daga gidana ba dai, don basu taɓa ganin yadda muke rayuwa ba. Lambar matsakaicin gida ce da suke cusa wa duk wanda ya danna bai sani ba.

Nan na kira Yayana, shi aikin wayarin yake yi shekara da shekaru, duk da ba gari ɗaya muke ba. Na fara karanto masa lambobi yace tsaya tukuna, kai ka tabbata mitar da suke maka lissafi da ita taka ce? Nace haba Yaya. Yace ba haba, a gidan bene da mitoci suke jere wuri ɗaya ya sha ganin an harɗe su, na sama yana biya wa na ƙasa shekara da shekaru ba wanda ya sani. Ka duba siriyal lambar da ke jikin mitar ka haɗa da wadda ke kan bil, sannan ka sa a kashe babban makunnin filat ɗinku kana tsaye gaban mitar, in taka ce ɗan jan hasken nan da ke jikinta zai daina ƙiftawa.

Washegari na karɓi makullin ɗakin mitoci wurin mai kula da ginin. Wani ɗan ƙuƙumin wuri ne ƙarƙashin matakala, ƙura da yanar gizo, mitoci a jere kowacce an rubuta lambar filat da maka a samanta, wata ma rubutun ya goge. Na haska da tocilan waya, siriyal ya dace da na bil. Na kira maman yara nace kashe, tace an kashe, haske ya tsaya cak, na maƙwabta na ta ƙiftawa abinsu. Toh mita tawa ce, wannan ƙofa ta rufe. Gaskiya da na so ace ba tawa bace, da magana ta ƙare a nan.

Amma ina tsaye a wurin sai na tuna da hoton ranar tarewa. Na nemo shi a wayarta, mita na nuna 18,640. Na koma bil na farko, lambar da suka fara min lissafi da ita 18,210 ce, kuma gefenta akwai wani ɗan harafin E da ban taɓa kula da shi ba. A bil ɗinsu E na nufin kintata lambar akayi, A kuma na nufin an karanta mitar da gaske. Tsakanin lambarsu da tawa yunit 430 ne cif, kusan wutar wata biyu a nasu ƙiyasin, wadda aka sha tun ban san ƙofar gidan ba. Mai kula da ginin ya tabbatar min filat ɗin ya ɗan jima ba kowa, masu fenti da masu gyara sunyi aiki a ciki suna kunna hita dare da rana don bango ya bushe. Wato ni nake biya wa bango kuɗin shan ɗumi.

Na sake kira, wannan karon wani saurayi na samu. Ya duba yace eh lambar da na tura ta shigo, amma na'urarsu ta ƙi karɓa don tayi nisa da abinda take tsammani, da yake an daɗe ba a karanta mitar ba, kintace ake ta ɗorawa kan kintace, sai ta ajiye tawa ta ɗauki tata. Nace kuma ba wanda ya ga ya dace ya faɗa min? Manhajarku fa cewa tayi an karɓa. Yace an karɓa ɗin na nufin saƙon ya iso ne ba wai anyi aiki da shi ba. Kai jama'a. Nace toh ka buɗe min ƙorafi a rubuce ka bani lambarsa, don Yaya ya riga ya gargaɗe ni cewa maganar waya iska ce, gobe wani zai ɗauka yace bai ga komai ba. Ya bani lamba, yace in turo hoton da kuma takardar haya mai nuna ranar da muka shiga. Na tura asalin hoton ta imel ba sikirinshot ba, saboda asalin yana ɗauke da kwanan wata da lokaci a cikinsa, kuma sa'a ɗaya siriyal lambar ta fito raɗau a hoton.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi, in fito in ce kamfani ya zalunce ni na ƙwaci haƙƙina. Amma da na cire 430 ɗin daga bashin naga ko kusa bai share shi ba. Sauran fa? Yaya yace sauran kuma kai da gidanka, ka fara karanta mita safe da dare a lokaci ɗaya kana rubutawa, kar ka canza komai tukuna, ku zauna yadda kuka saba. Haka na riƙa sauka ƙarƙashin matakala kamar mai zuwa gaida mara lafiya, har maƙwabta suka fara min kallon tuhuma. Abinda ya fito ya kashe min jiki, muna shan tsakanin yunit 24 zuwa 26 a rana, a gidan da aka buga wa bakwai da ɗoriya.

Gida kuma ya koma kotu. Na fara bin yara ina kashe fitilu, na cire cajar waya daga soket, har na fara hararar injin wanki. Maman yara tace Malam ka bar injina ya sarara, da hannu kake so in koma wanki cikin sanyin nan? Je ka nemo ɓarawon gaske. Kuma ita ke da gaskiya, don da na zauna da biro sai naga abubuwan da nake yi wa tsawa basu ci komai ba. Yunit ɗaya dai shine abu mai wat 1,000 yayi aiki awa ɗaya, shikenan. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 in ya kwana awa goma a kunne 0.09 ya ci, sai yayi kwana 11 a haka kafin ya cinye yunit guda. Butar lantarki da nake jin tsoronta, wat 2,000 ce amma minti uku take yi ta tafasa, 0.1 kenan. Abinda ke kunne dare da rana shi yake ɗan taruwa, kowane wat ɗaya da baya mutuwa yunit 8.76 ne a shekara, akwatin intanet mai wat 10 kusan 88, akwai shi a lissafi amma ba shi zai ninka maka bil ba.

Dabarar da tafi burge ni ita ce ta ɗan jan hasken. A jikin mitarmu an rubuta 1000 kusa da shi, Yaya yace ma'anarsa ƙiftawa dubu shine yunit ɗaya, don haka in ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin ƙiftawa biyu ka raba 3,600 da su, zaka samu wat ɗin da gidan ke ja a daidai wannan lokacin. Na sauka da waya a kunne, maman yara na sama tana jiran umarni. Muka kashe komai sai firji da akwatin intanet, hasken yayi luf, sai na ƙirga kusan talatin kafin ya ƙifta, wat 120 ko kusa. Nace kunna talabijin, ya ɗan ƙara sauri kaɗan. Kunna duk fitilu, da ƙyar ma na ga bambanci. Nace kunna hitar falo, nan fa ya farka, duk ƙasa da daƙiƙa biyu sai ya ƙifta. Nace kashe ta ki buɗe famfon ruwan zafi ya ɗan zuba sannan ki kunna makunnin tanki. Ina tsaye sai ga hasken nan ya rikice, ƙif ƙif ƙif kusan kowace daƙiƙa, ko ƙirgawa na kasa yi da kyau. Nace mata ta waya, ga ɓarawonki nan na kama shi. Tace ai dama na faɗa maka ba injina bane.

Tankin ruwan zafin yana cikin wata kwaba a lungun banɗaki, lita 150 ne, ƙarfen da ke dafa ruwan wat 3,000. Ruwa kuwa abu ne mai cin wuta fiye da yadda mutum ke zato, yunit ɗaya lita 860 yake iya ɗagawa da digiri ɗaya kacal. Toh ɗauki lita 150 daga digiri 10 da ruwan famfo yake zuwa da shi lokacin sanyi ka kai shi 60, lita 150 sau digiri 50 a raba da 860, yunit 8.7 kenan. Cika tanki ɗaya. Mu huɗu da wanka da wanke-wanke kusan kullum sai mun zuƙe shi. Ka ga tankin nan shi kaɗai, ba firji ba girki ba fitila, ya riga ya haura abinda kamfani ya ware wa gidan gaba ɗaya a rana. Ɗora hitar falo mai wat 2,000 na awa biyar, yunit goma, ga ta ɗakin yara da ake ɗan kunnawa kafin su kwanta, ga girki da lantarki. Lissafi ya fita daidai da abinda mita ke faɗa, mita bata yi ƙarya ba.

A nan na gane asalin inda aka samu matsala. Lambar 2,700 ɗin nan ta gidan da ke dafa ruwa da ɗumama ɗaki da gas ce, wutar lantarkinsu ta fitila ce da firji da talabijin da irinsu. Namu ginin ko bututun gas babu, komai a kan lantarki yake. Kuma fom ɗinsu ya tambaye ni ɗaki nawa, ya tambaye ni mutum nawa, bai tambaye ni da me kuke dafa ruwa ba, tambayar da ita kaɗai ta isa ta canza lissafin. Abin da yafi ci min rai, su ne fa suke baiwa filat ɗin wuta tun kafin in zo, tarihin mitar na hannunsu, da sun leƙa da sun ga ba gidan 2,700 bane. A ganina ba mantuwa bace, ƙaramar lamba ita ke jawo kwastoma, in kamfani ɗaya ya buga gaskiya sauran suka buga matsakaici, shi zai fito a mafi tsada a jerin, kuma mutum irina bazai danna shi ba. Doka ba zata kama su ba tunda sun rubuta ƙiyasi ne, amma ni ban ɗauke shi a matsayin mu'amala mai tsafta ba.

Na rubuta wannan a cikin ƙorafin, nace ko ku sake ni in tafi ba tare da kuɗin karya kwantiragi ba. Amsar da ta zo a kan wannan gajeriya ce, sunce ƙiyasi an gina shi ne kan bayanan da na bayar, kuma farashin yunit na nan yadda aka yi alkawari. Da na huce na sake tunani naga ko sun sake ni ba inda zan je wutar ta ragu, yunit ɗin da muke sha zai bi ni duk kamfanin da na koma, kuma a lokacin gani nake kuɗin yunit ɗinsu ba laifi. Sai na bar wannan faɗan na koma wanda zan iya ci.

Wanda zan iya ci shine ninki ukun nan. Na nemi su rarraba min yadda suka kai ga sabuwar lambar, ashe abu biyu suka cakuɗa. Na farko sabon ƙiyasin shekara, wanda suka kai sama da yunit 8,000 saboda watannin da suka gani duk na sanyi ne, ga kuma 430 na masu fenti a ciki yana ƙara kumbura shi. Na biyu bashin, suna so su kwashe shi cikin 'yan watanni. Shi tsarin biyan kuɗi daidai wa daida duk wata dama haka yake, lokacin da baka shan wuta sosai kana tara rara, lokacin sanyi rarar ta cike giɓi, wanda ya fara a bakin sanyi kuwa ba rara ya tarar ba, da bashi zai fara ko da ƙiyasinsa daidai ne. Na kawo musu nawa lissafin, tanki kaza a shekara, sauran kayan gida kaza, hita na watannin sanyi kaɗai, ya kama wajen 6,000. Matar da ke riƙe da ƙorafin, ita kam ta san aikinta, tace Yallabai in zaka riƙa turo karatun mita duk wata zan sa 6,200 mu gani, bashin kuma a shimfiɗa shi kan wata 12. Nace na yarda, amma ki turo min a rubuce.

Gyaran lambar mitar ta ranar tarewa shi ya ɗan ja lokaci, sai da na tuna musu, na kuma ambaci cewa in sun wuce wa'adin da takardarsu ta ƙorafi ta ɗiba zan kai gaba wurin hukumar da ke sauraron irin wannan. A bayan bil ɗin ma an rubuta matakan, kowa ya juya nasa ya karanta, kuma yana da kyau mutum ya san dokar inda yake, misali a Biritaniya tun 2018 kamfani baya iya bin gida kuɗin wutar da ta wuce wata 12 in shi ne bai kawo bil daidai ba. Ko barazanar ce tayi aiki ko dama layi ne ya zo kaina, sai ga sabon bil, sun soke tsofaffin gaba ɗaya sun sake bugawa daga 18,640, da harafin A a gefe. Yunit 430 suka koma kan mai gidan, wanda bai ji daɗina ba ko kaɗan da takarda ta same shi. Abinda ake cire min yanzu ya tsaya wajen ninki biyu na lissafin farko.

A ɓangaren gida mun rage abinda zai ragu. Maman yara ta so a sauke zafin tankin zuwa digiri 40 tunda dama sai an sirka, Yaya yace a'a ƙanwata kar ki soma, ruwan da ke kwance a tanki tsakanin digiri 20 zuwa 45 nan ne wata ƙwayar cuta mai kama huhu take yaɗuwa, shi ya sa ake barinsa a 60. Yace kuma kar mu sa rai da yawa a kan taima, wato agogon da ke kunna tanki ya kashe shi a kan lokaci, tankin na da abin da ke yanke wuta da kansa in ruwa yayi zafi, asarar barinsa a kunne yunit ɗaya zuwa biyu ce a rana in rufinsa mai kyau ne, babban kuɗin yana cikin ruwan da muke zubarwa. Don haka muka canza kan shawa zuwa mai tsimin ruwa, aka daina barin famfon zafi na zuba lokacin wanke-wanke, injin wanki ya koma ruwan sanyi sai in kaya sun yi datti sosai. Na kuma tambaye shi ko in sayi hitar nan mai mai a ciki da ake tallata wai bata cin wuta, ya yi dariya yace wat 2,000 wat 2,000 ne ko a jikin wace hita, duk zafi ɗaya suke bayarwa a kan yunit ɗaya, wadda ta bambanta ita ce irin na'urar da ke aiki kamar esi a juye, ita tana iya baka zafi ninki uku a kan wutar da ta ci, amma wannan sai mai gida. Muka toshe ƙasan ƙofa da gefen taga inda iska ke shigowa, ya ɗan taimaka.

Da kwantiragin ya kusa ƙarewa na sake shiga neman farashi, wannan karon na rubuta musu yunit 5,900 da mita ta nuna na shekara. Duk lambobin suka fito manya kuma kusa da juna, wanda ke kan gaba a jerin bara ya koma tsakiya, saboda shi kuɗin kullum ɗinsa ne ƙarami kuɗin yunit kuma babba, tsarin da ya dace da mai shan wuta kaɗan, mu kuwa ƙaramin kuɗin yunit ne ke mana amfani ko da na kullum ya ɗan ɗaga. Akwai kuma tsarin farashi biyu, dare da araha rana da tsada, wanda a lissafina zai biya mu in tankin zai riƙa dahuwa da dare kawai, amma sai an sa masa taima an kuma duba wayarin ɗinsa, kuma takardar haya ta hana ni taɓa shi ba izini. Na yi wa mai gidan magana, yace zai turo mutum. Na sake tuna masa wancan satin, yace mutumin yayi tafiya.